Daƙiƙa Arba'in

Ranar Talata, ina cikin trotro tsakanin Tafo da Kejetia,
aka nuna Baba a labaran yamma.
Duk Aboabo an gani, ban da ni.

"Yana nan a intanet," in ji Fuseina,
"amma kwana bakwai kawai suke barin sa."

Wayata ta ce sai na sabunta manhaja,
manhaja ta ce wayar ta tsufa.
Kwamfutar Mutala ta buɗe, hoto ba murya,
Baba na ta motsa baki kamar mai lazimi.
Allon da mijin Sherifa ya aiko daga Jamus
ya ba da murya, ya hana hoto,
sai zobe ke ta juyi kamar akuya a turke.
Talabijin ɗin mai aski ya nemi kalmar sirri,
mai kalmar kuwa ya tafi Tamale biki.

Litinin da dare, da datar sidi biyar,
muka jera su a kan tabarma,
kwamfuta ta kawo fuska, allo ya kawo murya.
Fuseina na ƙirgawa: ɗaya, biyu, danna!
Murya ta riga leɓe da taku guda.

Ga shi a rumfarsa, hula a karkace,
yana gaya wa ƙasa duka
tsadar albasa laifin hanya ce, ba nasa ba.
Daƙiƙa arba'in, sai talla.

Shi kuwa yana bakin ƙofa yana yanke farce.
"Ku zo ku tambaye ni mana," ya ce,
"ni ba na cin data."