Gwangwanin Iya Tabawa

A Mai Wurno, bakin kogin Nilu,
kafin ladan ya gyara murya
Iya Tabawa ta riga ta hura wuta.
Kisra na nuna a kasko,
baki na salati, hannu na juyi.

A goye aka fito da ita daga Haɗeja
da niyyar Makka.
Guzuri ya ƙare a nan, aka sauke kaya.
Ta tsinci auduga a Jazira har yatsu suka tsage,
ta soya gyaɗa, ta ƙulla, ta kai tasha.

Ƙarƙashin gadonta akwai gwangwanin madara,
kuɗin jirgin Sawakin.
Sau uku yana cika.
Na fari, zazzaɓin Baba ya lashe.
Na biyu, ambaliya ta ci mana ɗaki.
Na uku ni ne, da littattafan makaranta.
Ta ce, "Ɗakin Allah ba ya ƙaura, yaro."

Bara na yi ɗawafi da sunanta,
carbinta na ƙwallon dabino a aljihuna.
Na dawo da zamzam,
na rasa wa zan miƙa wa.
Sai na tsiyaya kaɗan
a gindin lemon da ta shuka.