Sai Mun Dawo

Na same ta bayan tashar Tawa, a gindin gawo,
taya uku sun nutse a rairayi, na huɗun babu.
Kaza ta yi ƙwai bakwai a kujerar direba,
ta harare ni kamar na faɗo mata ɗaki
ban yi sallama da ita ba balle ƴaƴanta.

Magajin Alhaji Kadade ya ce, "Ƙarfe ne, Malam,
a kilo zan sayar." Na ce, "Kul, Fijo ce,
bashe ce, ta sha kai albasar Galmi Kwanni
tun kana goye." Jikka ɗari da hamsin
na ƙirga masa cikin kuɗin sallamata,
jakai biyu suka jawo ta.

Tsahara ta leƙo zaure, ta riƙe haɓa:
"Shekara talatin kana buga hatimi a gidan waya,
wannan ce ladan?" Ban tanka ba.
Na matsar da turken tunkiya, na share fili,
na kwance inji gaɓa-gaɓa bisa tabarma,
kowane noti da gwangwanin tumatir nasa,
na sa masa lamba da alli kada in manta.

Tsatsa ba ta gaggawa, ni ma na daina.
Wata huɗu ina kankara bayan la'asar.
Ƙarƙashin fari akwai kore,
ƙarƙashin kore shuɗi,
can ƙasa, a murfin baya, hannun wani da ban sani ba
ya rubuta SAI MUN DAWO da jan fenti.
Na ajiye wuƙa. Na daɗe tsugune.
Wannan wurin ban ƙara kankarewa ba, na ƙyale mata.

Kabireto ya zo daga Kwanni cikin buhun gero,
fitila ɗaya daga Katako, an ce ta dama ce,
da ta iso ta hagu ce, ga ta da tsaga.
Gumar maƙeri ya zuba min kan giya na gaci,
ya zane shi kamar kuben takobi.
Badukun Bilbis ya ja jar fata bisa kujera,
har yau in rana ta buga, bagaruwa take ƙamshi.
Launi kuwa na zaɓi na dutsen Adar,
wanda ƙura ba ta iya kunyata ta.

Jikata Zali ce mai riƙe tocila.
Ba ta kai haddar bakwai sau takwas ba,
amma ta san sha uku da sha bakwai a cikin sifanu,
ta san in na yi shiru, yatsa na daka.
Baƙin mai har gwiwar hannunta,
kullum ni ake wa faɗan rigarta.

Ran Asabar yaran unguwa suka tura.
Ta yi tari sau biyu kamar tsohon da ya sha taba,
ta tofar da hayaƙi a shanyar maƙwabta,
sai ta kama.
Tsahara, mai cewa ba za ta shiga ba,
ta riga ni zama, da kwanon kifin da za mu sayo a Tabalak
a cinyarta.

Kilomita goma sha ɗaya muka yi.
Daidai wata aduwa ta yi ajiyar zuciya, ta mutu.
Zali ta duba ni, ni na duba allura,
Tsahara ta kwance ƙullin cuku ta raba uku,
muka ci a inuwar motar, babu mai magana,
har wani mai amalanke ya rage tafiya
yana tambaya ko ta sayarwa ce.

Na ce masa a'a.
Abin da ban faɗa wa kowa ba,
tun daren jiya nake jin tsoron in gama,
in wayi gari ba noti ko ɗaya a gwangwani.
Na ɗaga murfi, zafi ya bugi fuskata,
na ce, "Zali, miƙo sha uku."
Kafin in rufe baki tana tafin hannunta.