Lemo Uku

Na biya kuɗin shiga kamar kowa,
ni da labarin ya fito daga aljihuna.
Yarinya mai yaga tikiti ta ce, "Kaka, a hankali, da matakala."
Ba ta san na haddace matakalan Valparaíso ba,
ɗari da sittin da biyu daga bakin teku zuwa ƙofarmu,
na sha hawansu da gudu,
'yan sanda a baya, takalmi ɗaya a hannu.

Mu bakwai ne, 'Yan Tudu ake ce mana.
Na ƙasa su ne 'Yan Tasha, masu ƙarnin kifi da baƙin mai.
Iyakarmu da su wani famfo ne da ba ya kawo ruwa.
Shekara uku muna rotse a kansa,
ko mu ba mu san abin da muke gadi ba.

Nibaldo ne mai biro a cikinmu.
In jifa ta kaure, shi ke riƙe mana riguna.
Ya girma, ya tafi Santiago, ya mai da mu littafi.
Yau ana karanta mu a aji,
malamai na tambayar yara: me famfon yake nufi?
Famfo ne kawai. Tsatsa ta cinye bakinsa.

Aka kashe fitila.
Sai ga Floridor a farin allo, tsayinsa ya kai bene,
haƙora reras, farare tas.
Namu Floridor giɓi gare shi, ga in'ina,
kafin ya gama zagin mutum an watse daga faɗan.

Nasu ya faɗi ne cikin ruwan sama,
wuƙa a ƙirji, kiɗa na kuka a bayansa,
har ya samu sukunin yin jawabi a kan amana.
Matar da ke gefena ta jiƙa hankici.
Ni kuwa na san ko ɗigo ba a yi ba ranar.
Ba ƙirji ba ne, tafin hannu ne,
ɗan yanka da murfin gwangwanin kifi.
Muka yi masa dariya, ya ɗaure da safa.
Kwana tara, muƙamuƙinsa ya datse.
A ɗakin uwarsa, ta tsakanin haƙora,
abin da ya iya roƙo lemo ne.
Na sauka kasuwa, na sato uku,
na hawo ɗari da sittin da biyu ban tsaya ba,
na tarar an ja masa bargo har ka.

Wannan ba ya cikin littafi.
Nibaldo ya ce mutuwar gwangwani ba ta da kasuwa.
Ban ga laifinsa ba.
Mai riƙe riga ba ya ganin ciwo, sai dai jini a wuyan riga.

Ni ma ba na cikin fim ɗin.
An gauraya ni da Gumercindo an yi mutum ɗaya,
hancina, zafin zuciyarsa, sunan wani.

Da haske ya dawo, samarin layin gaba
suka miƙe suna gyara gashi irin na jarumin,
ɗaya na wulƙita wuƙar da babu a hannunsa.
Na buɗe baki, na rufe.
Mu ma an faɗa mana.

A bakin ƙofa wani tsoho ya dafa sanda yana kallona.
Tabon girarsa na gane, aikin hannuna ne:
Heriberto, sarkin jifan 'Yan Tasha.
Ya ce, "Sun ce ku kuka ci."
Na ce, "Haka na gani."

Gwiwa ta ƙi matakala, muka shiga motar hawa tudu,
tana ƙara, tana ja da mu sama.
Ya zaro lemo daga aljihun kwat,
ya ɓare da farce, ya miƙo mini rabi.
Muka wuce inda famfon yake dā.
Shagon sayar da waya ne yanzu.