Ƙwaya

Inna Tsahara, a bakin babbar kasuwar Maradi,
takan cika tiya har ta yi tozo.
In ƙwaya ɗaya ta faɗi ƙasa
sai ta duƙa, ta hure, ta mayar.
"Da ita aka fara rumbu," in ji ta.

A lakwal malam ya ce akwai wata ƙwaya
wadda ido ba ya gani,
tana iyo cikin ruwan Gulbi.
Na faɗa wa Inna, ta yi dariya:
"Abin da ba ya shiga turmi, ina ruwana?"

Ita ɗin ce ta kwantar da Inna tsakar damina.
Likita ya rubuto wata,
fara, biyu da safe, biyu da dare.
Kuɗin kwali ɗaya, hatsi tiya shida.

Ƙanena Nomau tasa ja ce,
a bayan tasha yake saye,
ya kwana biyu kan kabu-kabu bai runtsa ba.
Shi ne Inna ke kira ƙwayar idona.

Yau ni ke awo.
Mai saye na neman gyara,
ni kuwa ƙasa nake kallo:
guda uku kusa da ƙafata,
kaji na matsowa.
Na riga su.