Ƙofa Biyu, Adireshi Ɗaya

Ƙarfe uku na dare a Vigo,
kasuwar kifi ba ta buɗe ba tukuna.
Uxía Carballeda ta kifa akwatin ƙanƙara ta zauna,
kwamfuta a cinya, kofinta ya huce tun ɗazu.

Bara ana tsakiyar gwanjo rauta ta mutu.
Allon farashi ya daskare kan lamba ɗaya,
dillalai suka koma rubutu a tafin hannu,
kifi kuwa bai jira kowa ba, ya fara wari.

Yanzu biyu ne a kabad, ɗaya bisa ɗaya.
Ta ba ta sama daraja ɗari da goma,
ta ƙasa ɗari cif.
Adireshin da sikeli da allo suka sani
ba na kowacce ba ne,
riga ce ta aro a rataye tsakaninsu,
mai numfashi ita ke sakawa.

Duk daƙiƙa ta sama na cewa: ina nan.
Ina nan. Ina nan.
Aikin ta ƙasa sauraro.
In shiru ya kai uku, ba makoki, ba tambaya,
ta zura riga, ta tsaya a ƙofa.

Abin da Uxía ke tsoro daban ne:
wayar da ke tsakaninsu ta tsinke,
kowacce ta zaci 'yar'uwarta ta mutu,
su biyu su amsa suna ɗaya,
saƙo ya rasa gidan da zai shiga.
Don haka ta ja waya ta biyu, ta bi da ita wani bango.

Tsoho Xurxo mai gadi ya leƙo.
"Lafiya lau take, za ki kashe ta?"
Ta ce, "Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."
Ta fizge filogi.

Ɗaya.
Biyu.
Fankar sama ta yi tsit.
Layi uku suka faɗi a allo,
na huɗu ya dawo da amsa.

Ta mayar da filogi, ta rubuta lokaci a littafi.
A waje jirgin farko na sauke kaya,
tsuntsayen teku sun fara rigima.

Biyar da rabi wayarta ta motsa a aljihu.
Mahaifiyarta ce daga Cangas, can ƙetaren ruwa,
ita kaɗai a gida mai hawa biyu,
saƙon kullum: na tashi.

Uxía ta daɗe tana kallon kalmomin.
Sannan ta kira ƙaninta Roi,
ta tambaye shi ko har yanzu yana da makullin gidan.