Gyare a Kunnen Edvaldo

Ƙwaya biyu farare, ba igiya, ba waya,
Edvaldo ya cusa su tun asuba,
ya ratsa São Paulo a babur, kwalin abinci a baya.
Titi na ruri, shi kuma ya ƙure kiɗa
don ya danne hon ɗin motoci.

Sha biyun dare ya zare su,
ya kwantar a ɗan akwatinsu, suna shan caji.
Su sun yi barci.
Shi kuwa gyare ya tare masa a kunnen hagu,
tsiii, ko numfashi ba ya ja.

Likita ta ce, "Wataƙila su ne, wataƙila titin.
Rage ƙara dai."

Yanzu fanka yake kunnawa ko a sanyin Yuli,
ya kwanta yana laluben
yadda shiru yake a gidan kakarsa, can Piauí.