Tsatsar Hawaye

Kyari ya tafi Agadas, ya bar mini ajiya:
ɗan kare fari, bai cika ƙwaryar fura ba,
gashi ya rufe masa ido.
Auduga muke ce masa.
Ni baduku ne a Birni, gindin dutsen nan
mai riƙe zafin rana har bayan isha'i.
Ko kyanwa ban taɓa kiwo ba.

Wata uku, sai ga layi biyu
daga lungun ido zuwa gefen baki,
ja mai duhu, kamar tofin goro a bango.
Ƙafafun gaba ma haka.
Tsahara mai ƙosai ta ce jini yake kuka,
kewar ubangida ce.
Zabairu ya ce ina, karan dafina ne,
ya tsoma fuska a tukunyar rini.
Wannan ta yi mini ciwo.
Shekara arba'in ina rina fata,
na san jan da na dafa.
Wannan ba nawa ba ne.

Na wanke da sabulu, yana nan.
Wani ya ce lemun tsami, wani ya ce jabel,
wata tsohuwa ta miƙo tozali.
Na sa shi a kwali, na tare kabu-kabu,
yara na bin mu da dariya har bakin titi.

Likitar dabbobi, Falmata, ba ta yi dariya ba.
Ta ɗaga fatar idon da babban yatsa,
ta haska, ta shinshina kunne, ta duba haƙora.
Ta ce: Baba, ka san ƙusa in ta kwana a raɓa?
Hawayensa na ɗauke da ɗan abin da jini ya zubar,
yawunsa ma haka.
Ya jiƙa gashi, rana ta gan shi, sai ya yi tsatsa.
A baƙin kare ba ka gani.
Fari ne ba ya rufa asiri.

Ta nuna mini silin gashi uku
da suka lanƙwashe suna sukar ƙwayar ido.
Ta ce 'yan ƙananan nan
hanyar hawayensu siririya ce, takan toshe,
ruwan ya rasa magudana ya bi ta fuska.
Inda laima ta zauna, tsami ya zo ya yi gida.
Ƙafafun kuwa ƙaiƙayi ne, ƙuma ta kama shi,
shi kuma lasa, dare da rana.
A me yake shan ruwa?
Na ce gwangwanin tumatir.
Ta dube ni. Na dubi ƙasa.

Jaka biyu da rabi.
Maganin ƙuma, maganin ɗigawa,
da gargaɗi: jabel makanta ce, tozali na mutane ne.

Yanzu kullum, in na dawo daga asuba,
ina tafasa ruwa, in bar shi ya huce,
a garin da ake bin layi kan jarka ɗaya.
Tsumma mai tsabta, ido ɗaya, tsumma dabam, ɗayan idon,
sannan in tsane har ya bushe ƙayau.
Almakashin da nake yanka tufafin sirdi da shi
ya koyi tafiya a hankali.
Na saya masa tasa sabuwa.

Jan bai wanku ba. Dama ta faɗa.
Abin da ya rinu ya rinu,
wannan ai ni zan koya mata.
Amma a sati na shida na buɗa gashin,
sai ga fari yana tasowa daga tushe,
yana tura jan gaba, kaɗan kaɗan,
zuwa bakin almakashi.

Jiya Kyari ya kira, layin na yankewa.
Ya ce yaya Auduga, yana kewata?
Auduga na barci a kan ƙafata,
ni kuma ina duban yatsuna
da ba su yi fari ba tun ina yaro.
Na ce masa lafiya lau,
ka gama aikinka, kada ka yi gaggawa.